Tambaya: Yaya ake karanta hasashen yanayi na kullum a tsibiran gabashin Karibiyan?

Baƙon_Tsibiri ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da saukata a Barbados, inda nake aikin ɗora farantan sola a kan rufin gidaje, kuma a wata mai kamawa aikin zai kai ni Dominika da Grenada. Aiki ne da ba ya yiwuwa sai rufi yana bushe kuma iska ba ta kai ta fizge faranti daga hannun mutum ba, saboda haka kowace safiya kafin in fita sai na duba hasashen yanayi a wayata.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun ranar da na zo manhajar ba ta taɓa sauya magana ba. Kullum hoton girgije ne da ɗigon ruwa, zafi digiri 30 ko 31 da rana, 25 ko 26 da dare, yiwuwar samun ruwa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma haka abin yake har ƙarshen kwana goman da take nunawa. Da farko na ɗauki maganarta da gaske, na ɗage aiki har sau biyu, rana ta wuni tana dukan rufin ko ɗigo bai sauka ba. Daga baya na daina kula ta, sai ga shi ranar Talatar da ta wuce, da misalin ƙarfe 1 na rana muna tsakiyar haɗa wayoyi a wani gida da ke yammacin tsibirin, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ya yi minti 40, ya ɗauke. Abokin aikinmu da ke kudanci, tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota ba, ya ce su ko inuwar hadari ba su gani ba. Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne ranar ce ta fi kowace rana kwanciyar iska, har na ce wa yaran aikinmu yau mun samu ranar da muke so.

Ina roƙon masu sanin wannan fanni su fahimtar da ni yadda ake karanta hasashen a irin waɗannan tsibirai. Me kashi 40 cikin ɗarin nan yake nufi, kuma hasashen kwana nawa ne mutum zai iya gina shirin aikinsa a kai? Sannan na ji ana cewa mun shiga lokacin guguwa, ina so in san abin da ya kamata in riƙa dubawa kafin in sayi tikitin tafiya.

Malamin_Labarin_Ƙasa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Manhajar taka ba ƙarya take yi maka ba, amsa take ba ka a kan tambayar da ba ita ka yi ba. Kai kana tambayar ko rufin da kake kai zai jiƙe tsakanin ƙarfe 9 da ƙarfe 3, ita kuwa tana gaya maka ko akwai isasshen danshi a sararin samaniyar yankin da zai iya zama ruwa a wani wuri cikin yinin, kuma a tsibirin da teku mai ɗumi ya kewaye amsar wannan tambayar kusan kullum "e" ce.

Yawancin manhajojin waya suna ɗauko alƙalumansu ne daga manyan kwamfutocin hasashe na Turai da Amurka, waɗanda suke yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kimanin kilomita 9 zuwa 13. Tsawon Barbados kuwa kilomita 34 ne, faɗinsa 23, wato duk tsibirin bai wuce 'yan gidaje kaɗan a lissafinsu ba, alhali girgijen da ya jiƙa ku faɗinsa ba lallai ya wuce kilomita 3 ko 4 ba. Kashi 40 cikin ɗari ma'anarsa yiwuwar a samu ruwan da za a iya aunawa, ko da bai kai rabin milimita ba, a wurin da kake cikin wa'adin da aka ambata. Ba ya faɗin yawan ruwan, ba ya faɗin tsawon lokacinsa. Yayyafin minti 5 da asuba ya isa ya gaskata shi. Zafin kuma da ka ga ba ya motsi, teku ne yake riƙe da shi, domin ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi kuma ba ya saurin sakinsa, shi ya sa bambancin watan da ya fi zafi da wanda ya fi sanyi a nan bai wuce digiri 2 zuwa 3 ba. Ka daina ɓata lokaci a kan wannan layin, sai dai ka tuna cewa digiri 31 da danshi kashi 75 jiki yana jin sa kamar 39, kuma a kan kwanon rufi abin ya fi haka.

Layin da ya kamata ka fara karantawa shi ne na iska. A yawancin kwanakin shekara iska ɗaya ce take mulkin waɗannan tsibirai, wadda take busowa daga gabas ko arewa maso gabas, tana fitowa daga babban yankin matsin iska da ke zaune a tsakiyar Tekun Atlantika tsakanin tsibiran Azores da Bermuda. Idan tana da ƙarfinta, kamar kilomita 25 zuwa 35 a awa, gizagizan da take ɗaukowa daga teku ƙanana ne, ba sa yin tsawo saboda akwai busasshiyar iska mai ɗumi a samansu, a wajen kilomita 2 daga doron teku, wadda take danne su kamar murfi. Irin waɗannan suna zubar da ɗan abin da suke ɗauke da shi su wuce cikin minti 10, kuma sun fi yawa da dare da kuma gab da fitowar rana. Wannan shi ne ruwan da hukumar yanayi take kira gajeren yayyafi nan da can, kuma bai isa ya sa ka ɗage aiki ba.

Ranar da ta cuce ku kuwa daga ɗaya nau'in take, kuma ka riga ka faɗi dalilin da bakinka ba ka sani ba: iska ta kwanta. Idan iskar gabas ta yi rauni, rana tana samun damar gasa ƙasar tsibirin tun daga hantsi, iska mai zafi ta tashi sama, sai iskar teku ta shigo daga kowace gaɓa domin ta cike gurbin. Wadda ta shigo daga yamma sai ta yi karo da ragowar ta gabas a kan tsakiya da yammacin tsibirin, kuma tunda babu inda za su je sai sama, hadari yana haɗuwa a wurin ya yi tsawo, sannan babu iskar da za ta ture shi ya wuce. Shi ya sa yake tsayawa a kan unguwa ɗaya ya juye duk abin da ke cikinsa tsakanin azahar da la'asar, har a samu ambaliya a wuraren Holetown da Speightstown da ke gaɓar yamma yayin da mutanen kudu suke shanya. Don haka idan ka ga hasashen safe ya ce iska za ta kasance mai rauni ko mai sauya alƙibla, ka fara aiki da sassafe ka sauko kafin ƙarfe 12, musamman daga Agusta zuwa Nuwamba.

A Dominika lissafin zai sauya, domin Barbados shimfiɗaɗɗen tsibiri ne wanda tudunsa mafi tsawo, Hillaby, bai wuce mita 340 ba, ita kuwa Dominika duwatsu ce tsagwaronta, kuma Morne Diablotins ya kai mita 1,447. Iskar gabas idan ta ci karo da dutse dole ta hau, tana hawa tana sanyi da kusan digiri 6 a kowace kilomita, danshinta ya zama girgije ya zuba a gefen gabas da kan tsaunuka, sannan ta gangara gefen yamma ta riga ta sauke kayanta. A tsaunukan tsakiyar Dominika ana samun fiye da milimita 7,000 a shekara, a Roseau da ke gaɓar yamma kuwa kimanin 2,000. Haka abin yake a Jamaika, inda Port Antonio da ke gaɓar arewa maso gabas take shan ruwa ninkin-ba-ninkin na Kingston da ke gaɓar kudu, alhali tsaunukan Blue Mountains ne kawai a tsakaninsu. Saboda haka kafin ka tambayi hasashen Dominika, ka fara tambayar a wane gefen dutse gidan da za ka yi wa aiki yake.

Uwar_Biyu ta amsa:

Sannu da zuwa, ƙanena. Bayanin Malam ya gamsar, amma ni da na shekara 11 a Grenada zan ba ka hanya mafi sauƙi, wadda na koya daga matan unguwarmu tun ina sabuwar zuwa ina kwashe shanya sau huɗu a yini. Ka ajiye wayar ka dubi gabas. Idan kana ganin layin da teku ya haɗu da sama tsaf, babu abin da zai same ka nan kusa. Idan ka ga wani labule mai launin toka ya sauko daga girgije ya rufe layin, to ruwa ne yake tafe, kuma kana da kamar minti 10 zuwa 15 ka rufe kayanka. Sau da yawa ma iska mai ɗan sanyi takan riga shi isowa, ta ba ka sanarwar ƙarshe. Kai da kake kan rufi ka fi kowa damar ganin wannan.

Shekara a nan kashi biyu ce, rani daga Janairu zuwa Mayu, damina daga Yuni zuwa Disamba, kuma ko a daminar ba kasafai ake wuni ana ruwa ba. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu iska takan yi ƙarfi sosai, mutanen nan suna kiranta iskar Kirsimeti, kuma ina ganin ita ce za ta fi ba ka wahala da farantanka, ba ruwa ba. Ni dai a gaskiya ba na buɗe hasashe sai na ji rediyo ya ambaci guguwa mai suna. Matuƙar ba a raɗa wa abu suna ba, ban ɗauke shi abin tayar da hankali ba.

Tsohon_Matuƙin_Ruwa ya amsa:

Hajiya, a gafarce ni, shawararki ta duban gabas gaskiya ce kuma da ita muka yi aiki shekara da shekaru a kan jirgi, amma jimlarki ta ƙarshe ba zan bar ta ta wuce ba, domin wannan bawan Allah Dominika za shi. A ranar 27 ga Agusta, 2015, guguwar Erika ko matsayin mahaukaciyar guguwa ba ta kai ba, kuma tsakiyarta ma ba a kan Dominika ta bi ba, ta arewa ta wuce. Duk da haka ta zubar da fiye da milimita 300 cikin sa'o'i 12, koguna suka cika suka tumbatsa, ƙasa ta zaftare, kimanin mutum 30 suka rasu, har aka kwashe mutanen ƙauyen Petite Savanne gaba ɗaya. Wanda ya fi wannan jan hankali shi ne ruwan jajiberin Kirsimeti na 2013, wanda ya yi kisa a Saint Vincent da Saint Lucia. Ba shi da suna, ba guguwa ba ce, kuma ya zo ne bayan an rufe lokacin guguwa da fiye da mako uku. A tsibiri mai duwatsu ruwa ya fi iska kisa, kuma ruwa ba ya jiran a raɗa masa suna.

Ɗan'uwa mai tambaya, abin da ido ba zai nuna maka daga kan rufi ba shi ne abin da yake tafe nan da kwana biyu, kuma a nan ne hasashe yake da amfani. Daga Mayu zuwa Nuwamba, kowane kwana 3 zuwa 5 akwai ayarin hadari da yake barin gaɓar Afirka ta Yamma ya kamo hanyar yamma a kan Atlantika, kimanin 60 a shekara. Yawancinsu ba sa zama komai face yini ɗaya na gizagizai da tsawa, amma daga cikinsu ne mafi yawan manyan guguwowin yankin suke fitowa. Tafiyarsu kusan a kan ƙa'ida take, digiri 5 zuwa 6 na taswira a yini, kuma Barbados tana wajen digiri 59 da rabi yamma. Don haka idan ka karanta a bayanin hukumar yanayi cewa akwai ayari a kan digiri 50 yamma, ka lissafa masa kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Alamar isowarsa ma tana yaudarar baƙo, domin yinin da yake gabansa yakan yi kyau fiye da kima, sama garau, iska daga arewa maso gabas. Idan tsakiyarsa ta gifta sai iska ta juya ta koma kudu maso gabas, kuma a bayan nan ne ruwan yake. Barbados tana kimanin kilomita 160 gabas da sauran jerin tsibiran, shi ya sa abin da ya jiƙa ta da safe yakan isa Saint Vincent da Saint Lucia da yamma, kuma mutanen can suna kallonta kamar mai gadin ƙofa.

Game da yawan kwanakin da za ka amince da su, ni abin da na gani shi ne: yau da gobe ka dogara da bayanin hukumar yanayi ta tsibirin da kake, wanda mutum ne ya zauna ya rubuta shi bayan ya dubi na'urar rada mai hango ruwan sama da hoton tauraron ɗan'adam, kuma ya san unguwannin da ruwa yake tsayawa. Kwana 3 zuwa 5 za ka iya sanin ko yinin jiƙaƙƙe ne ko busasshe, amma ba sa'ar da ruwan zai sauka ba. Abin da ya haura mako kuwa, hoton girgijen da kake gani kusan matsakaicin yanayin watan ne aka yi masa ado.

Lokacin guguwa a hukumance daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ƙarfinsa kuma daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, ƙololuwarsa a wajen 10 ga Satumba. Cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Miami tana fitar da taƙaitaccen hange sau huɗu a yini, ƙarfe 2 da ƙarfe 8 na safe da na yamma, kuma har zuwa farkon Nuwamba agogonsu ɗaya ne da naku. Tana nuna kowane ayarin da ake zargi da launi: rawaya idan yiwuwar ya zama guguwa ba ta kai kashi 40 ba, ruwan lemo daga 40 zuwa 60, ja idan ta haura haka, kuma tana ba da alƙaluma biyu, na sa'o'i 48 da na kwana 7. Ana raɗa suna ne idan iska ta kai kilomita 63 a awa, ta zama mahaukaciyar guguwa a 119. Sanarwar zama cikin shiri tana fitowa sa'o'i 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, gargaɗi na ainihi kuma sa'o'i 36. Idan ka ga zanen nan mai kama da mazurari a taswira, kada ka ɗauka girman guguwar ne. Hanyar da ake sa ran tsakiyarta za ta bi ce kawai, kuma tsakiyar takan fita daga cikinsa kusan sau ɗaya cikin uku, ruwa da iska kuwa suna kaiwa nesa da gefensa.

Kada kuma ka ce ai Yuli ne, da sauran lokaci. Guguwar Beryl ta fara a matsayin ƙaramin tsarin hadari ranar 28 ga Yuni, 2024, cikin kwana biyu ta kai mataki na 4 cikin matakai 5 na ƙarfin mahaukaciyar guguwa, ranar 1 ga Yuli ta afka wa tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada, bayan igiyar ruwanta ta farfasa jiragen masunta masu yawa a Bridgetown, babban birnin Barbados, duk da cewa ta kudu da tsibirin ta wuce. Hajiya ta fi ni sanin abin da ya biyo baya. Wanda ya duba hange ranar Alhamis bai sake dubawa ba sai Lahadi, ya tarar da wata duniyar daban.

Uwar_Biyu ta sake rubutawa:

Na karɓi gyara, Baba. Mu a kudancin Grenada tsaunukanmu ba su kai na Dominika ba, shi ya sa nake magana da sakin jiki. Kuma gaskiya ne, kafin mahaukaciyar guguwa Ivan ta zo a Satumbar 2004 mutanen nan suna cewa tsibirinsu yana kudu da hanyar guguwa, har yau tsofaffi suna ba da labarin yadda wannan zato ya ƙare.

Baƙon_Tsibiri ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na koma na duba bayanin hukumar yanayi na ranar Talatar, kuma lallai an rubuta cewa iska za ta yi rauni kuma akwai yiwuwar ruwa mai ƙarfi a wasu sassa da rana, ni ne ban san inda ake dubawa ba. Akwai sauran abu ɗaya. Kwana uku ke nan sama ta yi fari fat kamar an shafa mata madara, ba girgije ba ne kuma ba shuɗi ba, rana tana faɗuwa jajir, farantan da muka ɗora makon jiya wutar da suke bayarwa ta ragu, kuma ɗaya daga cikin yaranmu mai asma yana ta tari. Bayanin safe yana ambaton hazo. Shin wannan alamar ruwa ce ko ta guguwa, kuma zai shafi tafiyata ta jirgin ruwa daga Grenada zuwa Carriacou?

Malamin_Labarin_Ƙasa ya amsa:

Wannan ƙurar Sahara ce, ɗan'uwa, kuma yanzu ne lokacinta, domin ta fi yawa daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Agusta. Iska mai zafi tana ɗaga ta daga hamada zuwa tsakanin kilomita 1 da rabi da kilomita 6 a sama, sannan ta ƙetare Atlantika cikin kwana 5 zuwa 7. Tsibirin da kake yana cikin wuraren da aka fi daɗewa ana auna ta a duniya, domin tun shekarun 1960 masana daga Jami'ar Miami suke tara samfurinta a can, kuma tasharsu tana Ragged Point a ƙuryar gabas, inda iska take isowa ba ta taɓa wata ƙasa ba tun da ta baro Afirka. A Yunin 2020 an samu wadda ta yi kaurin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, har tsaunuka suka ɓace wa ido a tsibirai da dama.

Ba alamar ruwa ba ce, kishiyarsa ce. Iskar da take ɗauke da ƙurar busasshiya ce ƙwarai kuma mai ɗumi, tana zama a kan iskar teku mai danshi ta ƙara nauyin murfin nan da na ambata, sai gizagizai su kasa tsawo. Ayarin hadarin da ya shiga cikinta yakan iso a raunane, kuma tana cikin dalilan da suke sa Yuli ya fi Satumba sauƙin guguwa a yawancin shekaru. Ga aikinka, kwanakin hazo kwanakin bushewa ne da za ka iya tsara aikin yini guda a cikinsu, sai dai zafin yakan fi takura, kuma yaron nan mai asma ya kamata ya riƙe maganinsa a aljihu, a kuma ɗauke masa aikin rufi har sama ta washe. Raguwar wutar daga wuri biyu take, hasken da ƙurar ta tare a sama da kuma wadda ta kwanta a kan gilashin. Ka lura cewa yayyafi kaɗan bayan hazo ba ya wanke faranti, laka yake mayar da ƙurar ta bushe a kai, don haka ka gaya wa masu gidajen su zuba ruwa mai tsabta da safe kafin gilashin ya ɗauki zafi. Abu na ƙarshe da za ka kiyaye shi ne ƙura da ayarin hadari sukan yi tafiya bi-da-bi, saboda haka ranar da hazon ya fara yayewa ka duba abin da yake biye da shi daga gabas.

Tsohon_Matuƙin_Ruwa ya amsa:

Hazon ba zai hana jirgi tashi ba, sai dai ya rage nisan gani zuwa 'yan kilomitoci. Abin da za ka karanta shi ne sashen teku da yake ƙasan bayanin kullum, wanda mutanen tudu suke tsallakewa. Tsayin igiyar ruwa mita 1 zuwa 1 da rabi tafiya ce mai daɗi, daga mita 2 da rabi zuwa sama kuwa hukuma takan ja kunnen masu ƙananan jirage, kuma ko babban jirgin fasinja ne za ka ji a cikinka. Jirgin yana tashi daga St. George's, babban birnin Grenada, ya bi gaɓar yamma, inda tsibirin yake kare shi daga iska, sai mutum ya ɗauka haka tafiyar za ta ƙare. Da zarar an wuce ƙarshen arewacin Grenada aka shiga mashigin da yake buɗe ga Atlantika, iskar da tsibirai suka matse takan ƙara gudu, igiyar ruwa ta riƙa dukan jirgin daga gefe, kuma a nan ne masu kaya suke gane ko sun ɗaure su da kyau. Idan da farantai za ka tafi, ka tsayar da su a gefensu, ka sa abu mai laushi a tsakani, ka nemi tafiyar safe domin iska ta fi ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar. Ka duba hangen Miami na ƙarfe 8 na daren da za ka kwana kafin tafiya, ka sake duba na ƙarfe 2 idan ka tashi sallar asuba, kuma idan akwai launin ruwan lemo ko ja a gabas da digiri 55 yamma na taswira, ka tabbata tikitin dawowarka irin wanda ake iya sauya wa rana ne.